Shekarar da Muka Sauke wa Kwamfutar Bashir Kaya

Wannan babin domin ku na rubuta shi, kai Abdullahi da ke Zainab, kuma ina so ku karanta shi a zaune, ba a tsaye kuna latsa waya ba. Na daɗe ina jin maganar da ke yawo a tsakaninku, wai 'yar'uwarku Sa'adiyya ce ta karya zuciyar mahaifiyarku saboda tana son kwamfuta ta yi mata sauri. Ba ku taɓa faɗa a gabana ba, amma ni tela ne, na tsufa a kasuwar Gadarif mutane suna zance a kaina suna zaton ƙarar keke ta toshe mini kunne. A shekarar da abin ya faru kai kana Fau wajen aikin gona, ke kuma kina Gallabat a ɗakin mijinki. Ni ina cikin gidan, a kan idona aka yi komai.

Yayanku Bashir bai gaji allura ba. Na taɓa zaunar da shi a kan keke, ya haɗe mini hannun jallabiyar wani attajiri da wuyanta, tun daga ranar na sallame shi da albarka. Abin da hannunsa ya karɓa shi ne kwamfuta. Da kansa ya harhaɗa wata, akwatin daga wannan shago, allon daga wancan, ya kama ɗan lungu a bayan layin masu riɗi yana buga wa mutane katin biki da takardun makaranta, yana zuba musu karatun Alƙur'ani a waya. Sana'ar tana ciyar da shi amma ba ta ɗaga shi, ga tsaransa suna ta dawowa daga arewa wajen haƙar zinare da babura sababbi. Da ya yanke shawarar tafiya, sai ya ɗora kwamfutar a kan karo, amalanken da jaki ke ja, ya kawo ta gida, ya ajiye ta a ɗakin mahaifiyarku domin nan ne kaɗai rufin ba ya yoyo, ya zauna ya koya wa Sa'adiyya aikin kaf. Sannan ya saka wata manhaja ta kira, mu nan barnamij muke cewa, ya shirya ta yadda duk lokacin da aka kunna kwamfutar za ta buɗe da kanta. Suna ɗaya ne tak a cikinta, nasa, da rubutun Larabci, da ɗan ɗigo a gefensa.

"Inna, kin ga ɗigon nan?" in ji shi. "In ya zama kore, ina nan, sai ki danna mu gaisa. In kika gan shi toka-toka, ina kan hanya ne kawai."

"To, Allah ya kiyaye hanya," in ji mahaifiyarku Hauwa, tana tsintar dawa a faifai, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Kada ku ce rashin so ne. Bashir ɗan fari ne, kuma mahaifiyarku ta tashi a hannun tsofaffin da suka riƙe kunyar ɗan fari kamar yadda aka zo da ita daga ƙasar Hausa. Tunda ta haife shi bakinta bai taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce mutumin nan. Ba ta taɓa shafa kansa a gaban mutane ba. Ni na san yadda take ajiye masa ƙanzon tuwo tana cewa ragowa ne, amma shi kansa ban tabbata ya gane ba.

Watannin farko ɗigon ya yi kore sau da dama. Mun ji muryarsa tana yankewa tana dawowa, ya ce zinaren bai yi ba, za su ƙara gaba, su tsallaka hamada. Daga nan shiru. Bayan lokaci mai tsawo wani ɗan unguwarmu da suka tafi tare ya dawo, ya rame har ban gane shi ba sai da ya yi magana. Ya ce motarsu ta mutu a cikin rairayi, ruwa ya kusa ƙarewa, wasu suka ce za su taka su nemo taimako, Bashir yana cikinsu. Waɗanda suka zauna a inuwar motar an tsince su. Waɗanda suka taka, babu wanda ya sake jin ɗuriyarsu.

Ni a ranar na san na rasa ɗana. Na koma shago na zauna a gaban keke, ƙafata ta kasa taka shi. Liman da dattawan unguwa suka bar mu muka yi jira har ya wuce abin da shari'a ta ɗiba wa wanda ya ɓata, sannan suka zo suka ce a yi masa salla, a shimfiɗa tabarmi, a yi firash, wato zaman karɓar gaisuwa, domin rai ya huta, dangi su daina tambaya. Na shiga na faɗa wa Hauwa. Ta bari na gama tsaf.

"Malam, kakana da ya bar garinsu da ƙafa zai tafi Makka, ya aika wa wani da labari?"

Na ce bai aika ba.

"Ya tsaya a nan ya yi noman damina ɗaya domin guzuri, har ya mutu bai ƙarasa ba, bai koma ba. Da can gida sun shimfiɗa masa tabarma, ai da mai rai suka yi wa makoki, yana nan yana yankan dawa yana haihuwar ubana. Mu jikokin matafiya ne. A gidanmu ba a shimfiɗa wa matafiyi tabarma."

Nawa kakan ma haka ya zo. Duk unguwar nan zuriyar mutanen da aka cire rai da su ne a wani wuri. Na fita na ba liman haƙuri, ya girgiza kai ya tafi.

To, daga nan ne kwamfutar ta zama abin da ta zama a gidanmu. Kullum da hantsi, in an kawo wuta, Sa'adiyya za ta danna maɓallin, Hauwa kuma ta jawo kujera 'yar tsuguno da murhun gawayi da carbinta. Kwamfutar ta fara gurnani. Kafin allo ya waye ta soya kofi, kafin zane-zanen su jeru ta daka shi, kafin manhajar kiran ta buɗe jabana, ɗan tulun dafa kofin, ta tafasa har ta huce. Duk wannan lokacin tana zaune tana jan carbi, idonta a kan allo. In sunan ya fito, sai ta ɗan sunkuya ta duba ɗigon. Toka-toka. Ta ce alhamdu lillahi, yana kan hanya, ta tashi ta shiga aikinta. Matar da ba ta iya kiran sunan ɗanta ba, ga shi ta sami inda za ta zauna ta ƙura wa sunan ido ba wanda zai ce ta yi rashin kunya. Ni ina kallo daga ƙofa, tausayinta yana cina, haushi ma yana cina, domin kullum sai ta sake tayar mini da abin da nake ƙoƙarin binnewa.

Ana haka idanuna suka soma ja baya. Zaren da nake zurawa ba tare da na duba ba ya koma sai na roƙi maƙwabci. Masu kawo ɗinkin sallah suka ragu, nauyin gida ya gangara kan Sa'adiyya da wannan tsohuwar na'ura. Ita kuwa na'urar kullum ƙara nauyi take. Tsarin da ke tafiyar da ita tsoho ne, irin wanda aka daina yayi, ga shekaru sun taru a kansa. Sa'adiyya za ta danna abu, ta je ta juya miya ta dawo, bai buɗe ba. Ga wuta a wannan damina ba ta da alkawari, a kawo ta da hantsi a ɗauke kafin azahar, rabin lokacin ya tafi a jiran kwamfuta ta farka. Mutum ya taka lakar Gadarif, wadda ke cire wa mutum takalmi ta riƙe, ya zo karɓar katin bikin ƙanwarsa, a ce masa ya dawo gobe. Gobe ma haka. Ɗaya bayan ɗaya suka koma wajen masu sababbin na'urori a kasuwa. Wata rana na tarar da 'yar'uwarku ta kifa kai a kan tebur tana kuka ba sauti, allon ya daskare a tsakiyar takardar wani ɗalibi, ɗalibin yana tsaye a zaure yana jira. Ba ta taɓa kai ƙara wajen uwarta ba, ko sau ɗaya.

Ni na je na kira Usman, abokin Bashir tun suna yara, wanda yake gyaran kwamfuta a kasuwa. Ya zo da jakarsa, ya durƙusa ya gaida Hauwa, ita kuwa ta tsaya a tsakaninsa da teburin kamar mai tsaron rijiya.

"Usman, abin da mutumin nan ya bari, a bar shi yadda ya bar shi."

"Hala, wallahi ba zan taɓa komai ba sai na nuna miki," in ji shi, domin Hala yake ce mata, wato 'yar'uwar uwa. Ya juyo gare ni, ni kuma Ammi yake ce mini, wato baffa. "Ammi, hanya mafi sauƙi a yi mata fomat, a share komai a zuba sabo. Amma na san ba za a yarda ba, ni ma ba zan so ba. Jihaz ɗin nan, na'urar nake nufi, ba ciwo gare shi ba, kaya ne suka yi masa yawa. Mu riƙa sauke masa kaɗan-kaɗan."

Haka aka yi, kuma ya ɗauke mu kusan damina guda, domin kowane abu sai an yi shari'a a kansa. Ranar farko ya kwance murfin akwatin ya fitar da shi tsakar gida. Abin da muka gani a ciki ya ba ni kunya, ƙura da ƙaiƙayi da zaren ɗinkina sun dunƙule a kan fankar har ba ta iya juyawa sosai. Ya ce in ta yi zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Wannan na gane shi nan take, keke ma in ƙura ta cushe masa ciki haka yake yi. Ya hure ta da injin iska, kajin gidan suka watse. Hauwa ba ta hana wannan ba, shara ce, ita ma tana son tsabta. Ya kwashe tarkacen da kwamfutar ke tarawa da kanta tana mantawa da su, ya zubar da kwandon sharar da ba a taɓa zubarwa ba tun tafiyar Bashir, bayan ya buɗe shi ya karanta mata abin da ke ciki ɗaya-ɗaya, tsofaffin katunan bikin mutanen da yanzu 'ya'yansu suna makaranta. Ya ce rumbun ajiyarta ya cika maƙil, dole a bar mata fili ta riƙa juyawa.

Zuwansa na biyu ya gano masu gadin fairos, wato manhajojin da ke kama cutar kwamfuta, har biyu a ciki, kowanne yana binciken ɗan'uwansa a matsayin ɓarawo, sun hana kowa wucewa. Ya ce a sallami ɗaya. Hauwa ta tambaya wanne ne mutumin nan ya saka da hannunsa. Aka bar wannan, ko da yake Usman ya ce ɗayan ya fi sauƙin nauyi. Ya cire wasannin da ba mai yi, da wasu manhajoji da suka shigo a ɓoye a bayan wasu. Ya kashe kwalliyar allo, inuwar da ke bin kibiya, da yadda tagogi ke buɗewa suna yauƙi suna rangwaɗa, ya ce duk wannan ado da ƙarfin na'ura ake biyansa. Allon ya koma fili, ba kyau, kamar riga ba aiki a wuya. A nan aka yi tsayayya, domin hoton da ke shimfiɗe a bayan allon Bashir ne ya ɗauka, gonar riɗi a Fashaga an yanke an jingina dammuna. Sai da Usman ya je ya wanko mata hoton a takarda ta rataye a bango, sannan ta yarda aka sa shuɗi zalla. Wani yini kuma ya sa kwamfutar ta tattara ajiyarta wuri ɗaya, ya ce abubuwan sun warwatse ne, sai ta yi ta zagaye kafin ta haɗo abu guda. Wasu 'yan tubala masu launi suka cika allon suna matsawa a hankali, Hauwa ta zauna tana kallonsu har aka gama, muna ta addu'a kada a ɗauke wuta. Daga baya ya samo wata 'yar faranti da suke kira ram daga wata matacciyar na'ura ya ƙara mata. Ta ɗan sami sauƙi, gaskiya. Amma farkawar safe tana nan yadda take, kuma ko bayan ta farka sai ta riƙa tsayawa tana haki kamar ana jan ta ta baya.

"Saura masu tashi tare da ita," in ji Usman. "Duk abin da aka ce ya buɗe da kansa in an kunna, sai ta ɗauke shi a ka kafin ta yi taku ɗaya."

Ya buɗe wurin da suke, kowanne da 'yar alama a gefensa. Yana cire alamar yana faɗa wa Hauwa sunan abin, tana cewa cire. Har ya iso kan manhajar kiran. Bai tambaye ta ba, ya san amsar. Amma na ga ya daɗe yana duban wani abu, ya buɗe nan ya rufe can, ya zare ɗan abin da ke kawo intanet ya mayar, fuskarsa ta canza. Ya ce zai sha iska. Ya yafuto ni da Sa'adiyya muka fita gindin dalbejiyar ƙofar gida.

"Ammi, barnamij ɗin nan ya daɗe da mutuwa," in ji shi, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Tsohon samfuri ne, an daina karɓarsa, sabon kuma ba zai hau wannan jihaz ba. Ƙwanƙwasa ƙofa yake ta yi ba a buɗe masa, ya sake, ya sake, shi ne yake cinye ƙarfin na'urar. Ɗigon nan ko duk duniya ta hau layi ba zai yi kore ba."

Na ce tun yaushe. Ya ce ba zai iya yankewa ba, amma an daɗe, shekaru.

Na jingina da itacen. Kullum da hantsi matata tana zuwa gaida tagar da aka riga aka toshe da bulo, mu kuma muna taya ta jira. Usman yaron kirki ne, tausayi ya sa ya kawo wata dabara. Ya ce zai iya ɗaukar hoton tagar yadda take, da sunan da ɗigon, ya manna shi a allon, ya cire manhajar a ɓoye. Na'ura ta yi sauri, Hala ta ga abin da ta saba gani, kowa ya huta. Na soma auna abin. Sa'adiyya ce ta yi magana, kuma ku riƙe abin da ta faɗa.

"A'a. In don ni ne, a bar shi yadda yake, zan ci gaba da jira, na saba. Amma ba zan zauna kullum ina kallon Inna tana gaida hoto ni na san hoto ne ba. Ko a bari, ko a faɗa mata. Baba, kai ne mai gida."

Na kwana biyu ina juya maganar. In na yi shiru, na bar Hauwa da abin da ke riƙe da ita, amma na zama mai gadin ƙarya a ɗakinta. In na faɗa, ban san abin da zai rage mata ba. Na zauna da Hauwa tun muna da ƙuruciya, ban taɓa ɓoye mata ko farashin yadi ba. A rana ta uku bayan azahar na same ta a rumfa tana yankan kuɓewa, na zauna na faɗa mata da bakina. Sa'adiyya ba ta ma gidan.

Na shirya wa kuka, na shirya wa faɗa. Abin da ban shirya masa ba shi ne murna. Wuƙar ta faɗi daga hannunta, fuskarta ta haskaka yadda rabona da ganinta haka tun kafin tafiyarsa.

"Ashe shi ya sa! Malam, ashe yana ta kira mu ne ba ma ji! Wayyo, yana can yana cewa mun manta da shi."

Wannan murnar ita ce abu mafi ciwo da na gani a rayuwata. Ta tashi ta yafa tobinta, lulluɓin matan nan, ta ce a kai ta inda ake ji. An yi ruwa da safe, unguwa ta zama taɓo, ko karo ba ya shiga. Matar da ta yi shekaru ba ta taka kasuwa ba ta cire takalmi ta riƙe a hannu, tana gaba ina binta, muka biya muka ɗauki Sa'adiyya a gidan ƙawarta. Usman ya gan mu a ƙofar shagonsa da laka har gwiwa, ya tashi ya kori masu jira. Ya buɗe sabon samfurin manhajar a na'urarsa, Sa'adiyya ta shigar da kalmar sirrin da yayanta ya koya mata. Nan da nan ta buɗe. Ga sunan. Ga ɗigon, toka-toka. Usman ya duba wurin kiran da aka rasa, babu. Ya duba wurin saƙo, babu. Abu na ƙarshe da ke ciki shi ne gaisuwar da muka yi da shi kafin ya shiga hamada, wadda duk mun san da ita.

"Wannan ɗin yana ji?" in ji Hauwa.

"Yana ji, Hala."

"Da ya kira, ko sau ɗaya, zai nuna?"

Usman ya dube ni. Na gyaɗa masa kai.

"Zai nuna."

"Sake dubawa."

Ya sake. Ta daɗe a tsaye tana kallon allon. Sannan ta ce masa Allah ya yi albarka, ya zo gida gobe in an kawo wuta. A hanyar komawa ni ne a gaba, ita a baya, ina tsayawa ina jiranta.

Washegari Usman ya zo ya buɗe wurin masu tashi tare da na'ura. Sa'adiyya ta riƙe hannun uwarta tana roƙonta.

"Inna, don Allah a bar shi. Wallahi bai dame ni ba. Aikin zai yi ko a haka."

"Kin yi ta ɗaukar mana gida a kan jakin da aka ɗaure wa ƙafa, ba ki ce uffan ba," in ji Hauwa. "Halas, ya isa. Usman, nuna mini inda ake taɓawa."

Bai so ba, amma ya ɗora hannunta a kan maus, ɗan abin da ake tuƙa kibiya da shi, ya ja shi har kibiyar ta hau kan alamar. Ta danna ta kuskure, ta sake dannawa. Alamar ta fita. Da yatsanta ta cire, ni shaida ne, Usman ma yana raye, ku je ku tambaye shi. Kafin ya tafi ya saka sabuwar manhajar a wayar Sa'adiyya don kada a ce an rufe ƙofa gaba ɗaya. Mahaifiyarku ba ta taɓa cewa a nuna mata ba. 'Yar'uwarku kuwa, wadda kuke zargi, duk wayar da ta sake sai ta mayar da manhajar, har yau.

Da hantsin da ya biyo baya aka kawo wuta. Hauwa ta ɗauko kujerarta da murhu da carbi, don jiki ya riga ya saba. Sa'adiyya ta danna maɓallin. Kafin uwarku ta gama ajiye murhun, allon ya waye, shuɗi fes, komai ya jeru, na'urar ta yi tsit tana jiran aiki. Ko gawayin bai kama ba. Hauwa ta tsaya da kujerar a hannu, ba ta zauna ba, ba ta ajiye ba.

"Har ta tashi?"

"Ta tashi, Inna."

"Yanzu ba ta jiran kowa ke nan."

Ta mayar da kujerar inda take ajiye ta, ta juyo gare ni, muryarta ba rawa.

"Malam, ka je wajen liman. A shimfiɗa tabarmin."

Sauran kun san shi, domin an aika muku kun zo. Kun ga rumfar da aka kafa a ƙofar gida, kun ga mutane suna shigowa suna ɗaga hannu suna Fatiha, kun ga mahaifiyarku a zaune cikin mata ba ta zubar da hawaye ko ɗaya ba. Kun kuma ga yadda ta koma bayan nan, cin abinci kaɗan, magana kaɗan, har Allah ya karɓi abinsa bayan kaka biyu. Kuka tambayi maƙwabta me ya faru, aka ce muku an gyara wa Sa'adiyya kwamfuta an goge Bashir, kuka ɗauka kuka riƙe. Aikin 'yar'uwarku ya farfaɗo, gaskiya ne, da shi aka ci abinci a gidan nan, da shi aka sayi maganin uwarku. Amma ban taɓa ganin ta yi murna da saurin na'urar nan ba, kuma kun bar ta ita kaɗai da wannan nauyin, kuna gaishe ta sama-sama kamar baƙuwa. Wannan ya ɓata mini rai ƙwarai, kuma ina so ya ƙare tun ina numfashi.

Akwai abu ɗaya da ba ku sani ba, domin ni kaɗai aka faɗa wa. Ranar da aka tashi zaman, bayan la'asar, ana naɗe tabarmi ana mayar wa maƙwabta kwanukansu, na shiga madafa neman ruwa na tarar da Hauwa ita kaɗai tana kankare tukunya. Ba ta juyo ba.

"Malam."

Na ce na'am.

"In ya dawo, kai za ka faɗa masa mun yi masa zaman makoki. Ni ba zan iya ba."

Na ce to, na ɗauka.

Tun daga ranar nake riƙe da wannan aike. Ita ta tafi ta bar ni da shi, ni ma ga shi idona ya kusa rufewa, ƙafa ba ta kai ni ko masallaci sai da sanda. In ya dawo bayan ba ni, ɗayanku ya tare shi a zaure ya faɗa masa, kai Abdullahi ko ke Zainab, ku shirya a tsakaninku. Kada ku bar wa Sa'adiyya. Ita ta riga ta ɗauki nata.